Sun sa hotona a talla, an ce ba ni da ta cewa

Tambaya: Barista, ni 'yar fim ce. Wani kamfanin man shafawa ya manna hotona a kwalabensa da shafinsa na Instagram, har mutane na kirana suna cewa man ya ɓata musu fata. Ban taɓa ƙulla wata yarjejeniya da su ba. Da na yi magana sai suka ce sun sayi hoton a hannun wanda ya ɗauka. Wani da ya ce ya san doka ya ce in haƙura, tunda hoton ba nawa ba ne. Hankalina a tashe yake.

Amsa: Malama, ki kwantar da hankalinki, amma kada ki haƙura. Wanda ya ba ki wannan shawara ya cuce ki, kuma na gaji da jin irinta daga bakin lauyoyin Facebook. Sun ji cewa haƙƙin mallakar hoto na mai ɗauka ne, shi ke nan sun ɗauka sun gama karatu. E, a yawancin ƙasashe hoton nasa ne. To amma fuskar da ke ciki ai ba tasa ba ce, ba zai sayar da abin da bai mallaka ba. Lasisinsa ya ba kamfani damar buga hoton ne kawai. Bai ba su damar sa jama'a su zaci kin amince da kayansu ba.

An gwada wannan a kotu. Kantin tufafi na Topshop da ke Ingila ya sayar da riguna ɗauke da hoton mawaƙiya Rihanna, da lasisin mai hoton a hannunsa. A 2013 Babbar Kotun Ingila ta ba Rihanna gaskiya, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2015. Alƙalin ya faɗa ƙarara cewa dokar Ingila ba ta ba mutum mallakar siffarsa kai tsaye ba. Abin da ya kayar da kantin shi ne masu saye da dama za su ɗauka da yardarta aka yi rigar. A Amurka ma, masu yi wa kamfanin motoci na Ford talla sun samu izinin wata waƙa, suka kawo mai kwaikwayon muryar mawaƙiya Bette Midler, kotu ta ce a 1988 izinin waƙa bai halatta musu muryarta ba. Duk da haka kullum sai wani ya zo ofishina yana kaɗa min rasit ɗin mai hoto kamar ya riƙo hukuncin kotu.

Ƙarfin ƙararki ya dogara da ƙasar da za ki shigar. Jihohi irin su Kalifoniya da Niyok suna da doka takamaimai kan amfani da suna ko hoton mutum a talla. A wasu wuraren sai an bi ta yaudarar masu saye, ko ɓata suna, ko dokar kare bayanan mutum. Sa hoton mutum a labarin jarida daban ne, ba ya cikin wannan.

Yau ɗin nan ki sayi kwalba guda ki ajiye da rasit, ki ɗauki hoton shafinsu da kwanan wata kafin su goge, ki adana saƙonnin masu ƙorafi, domin su ne shaidar cewa an ruɗi jama'a. Ki duba duk takardar da kika taɓa sa wa mai hoton hannu. In suka turo miki kuɗi da sunan ban-haƙuri, kada ki karɓa sai lauyanki ya gani, don gobe za su iya cewa kuɗin talla ne.