Abin da ke hana babbar jif kwanciya a kwana

Sani, ka tambaye ni yadda jif mai tsayi, mai nauyin fiye da tan biyu, take shan kwana da gudu ba ta ko tangaɗi. Ajiye sifanar nan ka saurara.

Nauyin jif a sama yake. Da ta shiga kwana sai ya koma kan tayoyin waje, na ciki su yi sakayau. A da, zaɓi biyu ne gaban masu ƙera ta: su sa sifirin mai tauri, mota ta tsaya ƙyam amma ta girgiza hanjin mai ita, ko su sa mai laushi, ta yi daɗin zama amma ta riƙa kwanciya. Wanda ya zuba kuɗi a mota ta alfarma kuwa duka biyun yake so.

Ka san istabilaiza, sandar ƙarfen nan da ta haɗa tayar hagu da ta dama. A Bentley Bentayga raba ta biyu aka yi, aka dasa motar lantarki, wato ɗan inji mai juyawa da wuta, mai ƙarfin wuta bolt 48 a tsakani. Sitiyari na juyawa, sansa, wato na'urar da ke lura da motsinsa, ta kai wa kwamfuta labari, motar lantarkin ta murɗa sandar ta tokare bodi kafin ya karkata. An fita kwana sai ta saki, kowace taya ta bi rami ita kaɗai. A ganina wannan ya fi duk sauran dabarun amfani, don shi ya raba gardamar tauri da laushi.

Sifirin ma na iska ne, kwamfresa ke hura shi. Range Rover ta fara amfani da shi tun 1992. A gudu mota ta durƙusa kaɗan, a hanya marar kyau ta ɗaga. Akwai kuma tayoyin baya masu juyawa kamar digiri 3: a tafiyar hankali suna saɓa wa na gaba don kwana ta yi sauƙi, a gudu kuma su bi su don kada bayan mota ya fizge.

Birki fa? Faifan gaba na Lamborghini Urus milimita 440 ne, ya fi rim mai inci 17 faɗi. Ba ado ba ne. In ka ninka gudu sau biyu, zafin da birki zai sha ninki huɗu ne.

Amma kada ka ruɗu, yaro. Duk waɗannan na'urori ɓoye nauyin suke yi, yana nan bai je ko'ina ba. Abin da ke riƙe da motar a kwalta wuri huɗu ne, kowanne bai fi tafin hannunka da yawa ba. Direba ba ya jin tangaɗin da zai ja masa kunne, sai ya yi ta taka wuta har taya ta gaji ta saki.

Shi ya sa in irinta ta shigo, taya nake fara dubawa. Kada ka haɗa mata sabuwa da wadda ta cinye, ko girma daban-daban. Kwamfuta za ta ɗauka wata tayar na sulɓewa, giyar da ke raba ƙarfi gaba da baya ta yi ta wahala. In ka yi alayimen, sake saita sansar sitiyari. Kafin ka sa jak kuma, duba ko tana da maɓallin kulle sifirin iskar, ka danna shi, kada ta yi ta neman daidaita kanta kana ƙarƙashi. Je ka ɗauko ma'aunin iska mu fara da tayar baya.