Tambaya da Amsa: In kamfani ya gina wa gwamnati, wa zai biya?

Wasiƙun wannan fitowa sun tsaya a kan ayyukan da ake ba kamfanoni su gina da kuɗinsu, abin da ake kira PPP, da kuma inda wuƙa ke sauka in gwamnati ta tsuke bakin aljihu.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Tawa. Lokacin da aka sabunta filin jirgin sama na Yamai mun ji ana cewa gwamnati ba ta fitar da ko dala ba, kamfani ne ya zuba kuɗinsa. To me ya hana a kira irin waɗannan kamfanoni su gina mana azuzuwa mu rabu da na zana?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka ji gaskiya ne, sai dai ba a ƙarasa maka zancen ba. Kamfanin Summa na Turkiyya ne ya sabunta filin jirgin Diori Hamani a kan kimanin Yuro miliyan 154, wato miliyar 101 na sefa, aka buɗe shi a watan Yunin 2019 gab da taron ƙolin Tarayyar Afirka. Ladansa shi ne riƙon filin na shekara 30. Daga kuɗin da ake ɗorawa a kan tikitin fasinja da hayar shaguna da sauran abin da filin ke shigowa da shi zai maida uwar kuɗinsa, ya ɗebi riba. Matafiyi ne ke biya.

Aji kuwa ba ya shigo da komai. In kamfani ya gina azuzuwa, ba shi da wanda zai bi sai gwamnati, ita kuma sai ta riƙa biyan sa haya kowace shekara, shekara 15 ko 20 ko 25. A nan tsadar take. Ga lissafi na misali. Mu ce aikin na miliyar 10 ne, za a biya cikin shekara 20, kowace shekara daidai da ƴar'uwarta.

In gwamnati ta samu rance mai sauƙi irin na Bankin Duniya, da ruwa kashi 2 cikin 100, za ta riƙa biyan miliyan 612 a shekara, jimilla miliyar 12 da ɗan ɗoriya. In ta je kasuwar kuɗi ta ƙasashen UEMOA, wato ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, ta ranto da kashi 7, biyan shekara ya koma miliyan 944, jimilla kusan miliyar 19. Shi kuwa kamfani ba daga aljihunsa yake fitar da kuɗin duka ba. Mu ce kashi uku cikin huɗu bashin banki ne da ruwa kashi 10, ragowar na masu hannun jari ne da ke neman ribar kashi 18. In aka gwama su, kuɗin ya tsaya masa a kashi 12. Biyan shekara ya zama miliyar 1 da miliyan 339, jimilla kusan miliyar 27. Ginin dai ɗaya ne, bulo bai canza ba.

Amma kada a zalunci tsarin. Rance mai sauƙi ba kullum ake samun sa ba, kuma a kan daɗe ana kai da komo da takardu kafin ya fito. In yarjejeniya ta rubutu da kyau, kamfani ne ke ɗaukar asara in siminti ya tashi ko aiki ya makara, ba ya karɓar komai sai ya miƙa makulli. Abin dubawa shi ne ko wannan ya kai miliyar 8 da ke tsakanin 19 da 27. A tashar wutar lantarki ko ta tace ruwa, inda ake buƙatar ƙwarewa da injuna, yana iya kaiwa. A aji mai bango huɗu da maginan Tawa suka iya, a ganinmu bai kai ba.

Tambaya: Ina aiki a wani gidan likita a Yamai. Duk sanda aka ce an rage kasafi, mu ke fara gani a ƙwaryarmu: babu gazuwal a motar ɗaukar marasa lafiya, kuɗin maganin yara na kyauta ba ya zuwa. Ban taɓa jin an rage wa babban kamfani abin da ake biyan sa ba. Son kai ne ko da dalili?

Amsa: Malama, da dalili, ko da yake ba mai daɗin ji ba ne. Kasafi gida biyu ne. Akwai kuɗin da doka ko yarjejeniya ta ɗaure: albashi, fansho, biyan bashi da ruwansa, hayar ayyukan PPP. Akwai kuma wanda ke hannun minista, yau ya saki gobe ya riƙe: mai, magani, alli, gyara, sabon gini.

Mu ce ma'aikata na da jika 100. Albashi ya ci 45, hayar asibitin da kamfani ya gina ta ci 15, sauran 40 na hidimar yau da kullum ne. Aka ce a rage kashi 20. Albashi ba ya taɓuwa, haya ba ta taɓuwa, jika 20 ɗin nan duka daga cikin 40 za su fita. A takarda an rage kashi 20, a ɗakin magani an rage rabi. Kamar magidancin da ke zaman haya ne: in albashinsa ya ragu, mai gida ba ya sassauta masa, cefane ne ke shan wuya.

Abin da ya hana a taɓa hayar yana cikin yarjejeniya. In an makara da biya akwai ruwan jinkiri. In an ƙi biya akwai kotun sasanci, sau da yawa a wajen ƙasa. In gwamnati ta ce ta fasa, sai ta biya bashin bankin da ya rage da wani kaso na ribar da kamfani ya sa rai, a dunƙule.

Ko bashin ma in an kasa biya, taruwa yake yi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, da takunkumin CEDEAO (ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ECOWAS) da UEMOA da dakatar da tallafin waje, an sauke kasafin shekarar a watan Oktoba daga miliyar 3,291 zuwa 1,981, ragin kashi 40. An toshe asusun ƙasa a babban bankin BCEAO, biyan bashin kasuwa ya tsaya, amma da aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024 bashin yana nan yana jira.

Maganin kyauta na yara ƴan ƙasa da shekara 5 kuwa, tun 2006 tsarinsa shi ne ku yi aiki, ku aika da lissafi, a maida muku daga baya. Duk jinkirin baitulmali a kantar maganinku yake bayyana.

Ba mu kaɗai ba ne. Birtaniya ta fara irin wannan tsari a 1992. A Janairun 2018 hukumar binciken kuɗin gwamnatinta ta ƙirga ayyuka sama da 700 da kuɗin gininsu ya kai fam miliyar 60, ta ce abin da ya rage a biya har zuwa shekarun 2040 fam miliyar 199 ne, har da kuɗin gyara da shara da sauran hidima. A Oktoban shekarar gwamnati ta daina ƙulla sababbi, tsofaffin kuwa ana ci gaba da biya. A Lesoto an buɗe asibitin Sarauniya Mamohato a 2011 bisa yarjejeniyar shekara 18. Ƙungiyar Oxfam ta ce a 2014 yana cin fiye da rabin kasafin lafiya na ƙasar, a 2021 aka raba gari da kamfanin.

Tambaya: Ɗalibi ne ni a Jami'ar Abdou Moumouni. Ana saka kuɗin PPP cikin bashin ƙasa?

Amsa: Ba ko yaushe ba, kuma wannan na cikin abin da ke sa gwamnatoci son sa. Ma'aunin da UEMOA ta kafa, kafin a dakatar da shi a 2020, shi ne bashi kada ya wuce kashi 70 na arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara, giɓin kasafi kada ya wuce kashi 3. Rance yana shiga lissafin ran da aka karɓe shi. Haya kuwa kaɗan-kaɗan take fitowa, wanda ya yanke zare ba lallai shi zai biya ba. Nijar ta yi dokar PPP a 2011, ta sake ta a 2018.

In kana bincike, nemi abin da ba ya fitowa a jadawalin bashi. Akwai lamunin cewa in motoci ko fasinjoji ba su kai adadi kaza ba gwamnati za ta cika. Akwai alkawarin sayen wuta ko an ja ta ko ba a ja ba. Akwai yafe haraji da kuɗin duwan. Ka duba kuma da wane kuɗi aka rubuta hayar. Yuro ba ya motsi a kan sefa, 655.957 ne, dalar Amurka kuwa tana hawa da sauka.

Tambaya: Ni ƙaramin ɗan kwangila ne a Tawa. Na kai teburan makaranta ga wani ofishi tun bara, har yau shiru, banki kuma na ƙirga mini ruwa. Ina mafita?

Amsa: Alhaji, Allah ya warware. Fara gano inda takardarka ta tsaya, don kuɗin gwamnati ƙofa huɗu yake bi. Da farko a ware kuɗin da sunan aikinka, mai kula da kashe kuɗi ya sa hannu. Sannan kwamiti ya karɓi kaya, a tabbatar da abin da kake bi. Sannan a ba da umarnin biya. Sannan baitulmali ya biya.

In ta kai ƙofa ta huɗu, bashinka tabbatacce ne, layi kake bi. Tashin hankali na ƙofar farko ne. Da yawa suna kai kaya a kan kiran waya ko ƴar takardar oda, alhali ba a ware kuɗin ba. In aka rage kasafi tsakiyar shekara, layin da aka yi niyyar biyan ka da shi ya ƙafe, kuma a idon baitulmali babu wanda ke bin sa. Nemi lambar ware kuɗin. Haɗa kwafin kwangila, takardar karɓar kaya mai sa hannun kwamiti, faktir da ta bi ta na'urar hukumar haraji, da shaidar cewa ba a bin ka haraji. Rubuta wasiƙar neman biya, a buga maka hatimi da kwanan wata a kwafinka. Kada ka dogara da zirga-zirga da gaisuwa: bashin da aka bari shekara 4 ba a nema ba, doka na iya kashe shi.

Tambaya: Ina aiki a ofishin magajin gari a wata ƙaramar hukuma ta jihar Tawa. Wani attajiri ya ce zai gina mana kasuwa da tasha, ya karɓi kuɗinsu shekara 20. Me za mu duba?

Amsa: Malam, kafin komai ku san abin da kuke bayarwa. Ku sa a ƙirga abin da kasuwar ke shigowa da shi yanzu, ranar kasuwa da sauran ranaku, kaka da bazara, don tikitin da ke isowa ofis ba shi ne duk abin da ake karɓa ba. In tana kawo miliyan 30 a shekara, shekara 20 miliyan 600 ke nan, ko da ba a ƙara runfa ɗaya ba. In ginin bai wuce na miliyan 150 ba, ribar ta yi yawa, sai a rage shekaru ko a ba ku kaso. Senegal ta koma teburi a 2021 kan babbar hanyar Dakar mai kuɗin wucewa, ta karɓi kashi 25 na kamfanin, amma gyara bayan sa hannu ya fi wuya.

Ku sa injiniyan da ba nasa ba ya kimanta ginin, ku kuma yi shela ko wani zai zo da tayi mafi sauƙi. Wanda ya kawo shawara da kansa, shi ya tsara, shi ya sa farashi, ba ya rage wa kansa.

A rubuta kuɗin hayar shago da na runfa, da iyakar ƙarin da zai iya yi, da bayan shekara nawa. A rubuta cewa masu tsofaffin wurare su za a fara ba, in ba haka ba rigimar ƙofarku za ta zo ba tasa ba. Fili ya zauna da sunan ƙaramar hukuma, kada ya kai takardarsa banki jingina. A fayyace wa ke kwashe shara, wa ke yashe magudana, wa ke biyan inshorar gobara. Kada ku sa hannu a kan cewa za ku cika masa in kasuwa ba ta ci ba.

Sai shekarun ƙarshe, inda aka fi yin sakaci. Wanda ya san saura masa shekara 2 ba ya canza kwano. A sa sharaɗin duba ginin tun saura shekara 3, a riƙa ajiye wani kaso na kuɗin shiga a asusun da ba ya fita sai da hannu biyu, nasa da naku, har ya gama gyaran da aka lissafa. Yarjejeniyar kuma ta bi ta hannun hukumar da ke sa ido a kan ƙananan hukumomi da ma'aikatar kuɗi kafin a aza tubali.