Sai na zama likita kafin in yi bincike kan guba da lafiyar yara?

'Yar'uwa, kin ce kimiyyar sinadarai kika karanta, kina son binciken yadda gubar muhalli ke cutar da yara, amma kina tsoron sai likita ne kaɗai ke shiga. Ba haka ba ne. Digirinki ya isa tushe. Ki ɗora digiri na biyu a lafiyar al'umma ko ilimin guba, kuma ki riƙe ƙididdiga da kyau, don nan ne yawancin masu farawa ke tuntuɓe.

Me ya sa yara? Suna wasa a ƙasa, hannu kullum a baki, jikinsu kuma yana tsotse dalma, wani ƙarfe mai guba, fiye da na babba, ga ƙwaƙwalwa tana kan girma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu adadin dalma a jini da aka san ba ya illa. A 1979 Herbert Needleman, wani likitan yara a Amurka, ya auna dalma a haƙoran da yara suka famfare, ya nuna cewa ko yaron da ba ya ciwo fahimtarsa na iya raguwa. Haƙori fa, abin da ake jefarwa! Irin wannan dabarar ce aikin ke so.

Kuskuren da na fi gani shi ne gaggawar yanke hukunci. Samun guba a ruwa bai tabbatar da cewa ita ta kawo cutar ba. Talauci da ƙarancin ƙarfe a jini suna rikita lissafi, don su ma suna iya kawo irin wannan illar. Sannan kada ki ɗebi jinin yaro sai da yardar iyaye da izinin kwamitin ɗa'ar bincike. In awo ya fito da yawa, maganin ba naki ba ne, ki tura su wurin likitan yara a ranar.