Tambayi Likita: Ɗaga ƙarfe, "sha ka fashe" da burin ƙwallon Amurka

Wasiƙun wannan makon duk na samari ne masu ɗaga ƙarfe da iyayensu, yawancinsu masu burin samun gurbin karatu a jami'o'in Amurka ta hanyar ƙwallon Amurka, wadda ake runguma a hannu ana bangazar juna. Tun da NFL, hukumar gasar ƙwararrun wannan ƙwallo a Amurka, ta yi sansanin zaƙulo 'yan wasa a Accra a 2022, wannan buri ya shigo unguwanninmu.

Tambaya: Likita, ɗana shekararsa 13, ya matsa sai ya fara ɗaga ƙarfe. Kakarsa ta ce zai tsumbure. Gaskiya ne?

Amsa: A gaishe da Hajiya, amma ɗaga ƙarfe ba ya hana tsawo. Abin da ke ji wa yara ciwo shi ne sandar da aka cusa wa gwangwanayen siminti, ɓari ɗaya ya fi ɗaya nauyi, babu babba a wurin. Ya fara da nauyin jikinsa tukuna, sannan ƙarfen da zai iya ɗagawa sau 8 zuwa 15 ba tare da bayansa ya lanƙwashe ba, kwana 2 ko 3 a mako, da ranar hutu a tsakani. Idan gwiwa ko gwiwar hannu ta kumbura, ko ciwo ya wuce mako guda, a kai shi asibiti.

Tambaya: Na ji sai mutum ya ɗaga kilo 102 a kwance kafin jami'a ta ɗauke shi. Shekarata 16.

Amsa: Ka haɗa abu biyu. Kilo 102 ɗin nan, wato fam 225, gwajin NFL ne da ake yi a Indiyanapolis ga waɗanda suka riga suka buga wa jami'a. Kocin jami'a bidiyon wasanka yake kallo, da tsayinka, da gudunka a yadi 40, da sakamakon makarantarka. Kuma kada ka taɓa kwanciya ƙarƙashin ƙarfe babu mai tsaya maka a ka. Sandar kan kuɓuce ta danne maƙogwaro, an yi asarar rayuka a haka.

Tambaya: Likita, nauyina kilo 68 ne, an ce 'yan layin gaba sukan kai 130. Wani a wurin atisaye ya ba ni "sha ka fashe", wata uku ina sha. Na yi ƙiba, amma ƙafafuna sun yi sanyi, hawa bene ma da ƙyar.

Amsa: Ɗana, wasiƙarka ce ta fi tayar mini da hankali, don haka ka karanta a tsanake. Abin da ake sayarwa da wannan suna galibi dexamethasone ne, wani lokaci a haɗa da maganin buɗe ciki cyproheptadine. Samari sun ji an ce dexa "siteroyid" ne, sai suka ɗauka irin na masu ƙwanji ne. Sunan ne kawai ya zo ɗaya. Dexa narkar da tsoka yake yi, kuma tsokar cinya da ta ƙugu yake fara ci. Shi ya sa bene ya gagare ka. Nauyin da ka gani a sikeli ruwa ne da kitse: fuska ta yi zagaye kamar faranti, tumbi ya fito, kitse ya taru a ƙeya, hannu da ƙafa kuwa sun motse. Duba cikinka da hammatarka, ƙila ka ga nankarwa mai faɗi, jaja-jaja. Ƙarfi kake nema, kana biyan kuɗi ana zare maka shi.

Ɓarnar da ba a gani ta fi. Yana tayar da sukari da hawan jini, yana raunana garkuwar jiki har tarin fuka ya samu ƙofa, yana sa ƙashi ya yi ɓurma-ɓurma, yana iya kashe kan ƙashin ƙugu ta hanyar yanke masa jini. Saurayi ɗan shekara 20 ya koma ɗingishi, sai aikin sauya ƙugu. Wanda ya ba ka, zai biya kuɗin aikin?

Amma kada ka ce daga yau ka watsar. Wata uku ya isa ya sa ƙullutun da ke saman ƙodarka ya daina samar da kotisol, sinadarin da ke taimaka wa jiki riƙe ƙarfin jini, saboda ya ga ana kawo irinsa daga waje. In ka tsaya kwatsam, sai amai, jiri, jini ya faɗi, mutum ya some, har ya mutu. Ka ɗauki kwalin maganin ka je asibiti a wannan makon, ka faɗi adadin da kake sha ba ɓoye-ɓoye. Za a auna sukari da hawan jini, a rage maka a hankali cikin makonni. Asibiti na ce, ba kemis ba. In amai ko suma ya zo kafin nan, a daren za a tafi.

Allurar ƙwanjin ta gaske ma ba mafita ba ce. Tana rufe guringuntsin da tsawo ke fitowa daga gare shi, tana motsar da 'ya'yan maraina, tana fito wa namiji da nono, kuma hukumar wasannin jami'o'i NCAA na gwajin fitsari a kanta. Masu haɗawa da taramol don kada su ji gajiya kuwa, farfaɗiya suke saya.

Tambaya: Dole ne in sayi garin furotin?

Amsa: A'a. Mai kilo 70 na buƙatar kamar giram 110 a rana. Ƙwai ɗaya na da 6. Ga wake, awara, kindirmo, ƙuli-ƙuli da kifi. Ka raba sau huɗu, ka yi barcin awa 8.

Tambaya: Jinina AS ne. An ce ba za su ɗauke ni ba.

Amsa: Za su ɗauka. Tun 2010 NCAA ta kafa dokar gwajin sikila a manyan jami'o'i, bayan rasuwar Dale Lloyd, ɗan wasa mai jinin AS na jami'ar Rice, a 2006, amma AS ba ya hana wasa. Hatsarin yana cikin gudu da dukkan ƙarfi, ana maimaitawa ba hutu, ga zafi ga ƙishi. Jajayen ƙwayoyin jini su lanƙwashe, su toshe hanya, tsoka ta fara mutuwa cikin 'yan mintuna. Alamarta dabam take da ta ɗaurewar jijiya: ƙafa ce ke yin laƙwas, mutum ya sulale ƙasa yana haki, tsokar kuma ba ta yi tauri ba. Ka faɗa wa koci jininka tun ranar farko. Kana jin haka ka tsaya, ko ana yi maka dariya. Banda atisaye mai tsanani da ranar bazara, ko da azumi a baki, ko kana fama da zazzaɓi.

Narkewar tsoka tana kama masu AA ma. A 2011 'yan wasa 13 na jami'ar Iowa sun kwanta asibiti bayan atisayen da ya haɗa da tsuguno 100 da ƙarfe a wuya. Duk wanda ya ga fitsarinsa ya koma kalar shayi bayan atisaye, ga cinya ta kumbura tana ciwo, ƙodarsa ce ke cikin hatsari. Kada ya sha diclofenac ko ibuprofen, ƙara wa ƙodar wahala za su yi. Ya sha ruwa, ya nufi asibiti a ranar.