Amsa ga Kawu: Yaran Zango a Makarantar Fada

Kawu, Allah ya ja kwana. Saƙonku ya iso. Kun ce an gaya muku jikokinku na Accra suna firamaren 'yan Katolika, kuna tambaya ko makarantun Musulmi ne suka ƙare a Gana, ko kuwa mun daina kishin addini.

Ba su ƙare ba. Tun 1987 gwamnati ta kafa sashen kula da makarantun Islamiyya, wanda ya haɗa boko da Arabiyya. Sai dai a unguwa irin Nima yara sun fi kujeru yawa, makarantar fada kuma, wato limamin cocin Katolika, tana kusa, ana koyarwa tsakani da Allah. Makarantun mishan da yawa a nan gwamnati ce ke biyan malamansu, ita ke tsara manhaja, coci kuma ke riƙe da tarbiyya. A ƙasar nan Musulmi wajen kashi 20 ne cikin ɗari a ƙidayar 2021, saboda haka yaronka zai zauna da Kirista ko ka so ko ka ƙi.

Ba zan ɓoye muku ba, addininsu suke yi a fili. Da safe a yi layi a tsakar makaranta, a yi addu'a, a rera waƙoƙin coci, 'ya'yansu su yi alamar gicciye a goshi da ƙirji da kafaɗu. Ranar Laraba akwai sujada ta makaranta gaba ɗaya. Watan Oktoba na jan carbinsu ne, wanda suke kira rosari. Idan azuminsu na kwana arba'in ya kama, fada yakan shafa musu toka a goshi, namu suna zaune a baya suna kallo. Yaron da aka yi wa baftisma kuma sai ya daɗe yana zuwa wajen katikis, wato malamin da ke koya musu addini, yana haddace tambaya da amsa, kafin a yarda ya karɓi Jibin Ubangiji, wato gurasar ibada da ake ba su a coci, karo na farko. Ranar iyaye kan ɗinka musu fararen kaya, a yi girki kamar ranar saukar karatu. Wannan ɗin ba a sa ɗan Musulmi a ciki, domin a ƙa'idarsu ma wanda ba a yi masa baftisma ba ba ya karɓa. Ni dai na ga mutanen da ba sa wasa da renon 'ya'yansu a kan abin da suka yarda da shi, kuma wannan ya sa na ƙara ɗaure ɗamara a kan nawa.

Namu suna tashi daga boko, su ci abinci, su ɗauki allo. Asabar da Lahadi tun safe suna gaban malam, Alƙur'ani da Ahlari da hadisi. Wata rana ƙaramar tana wanke kwanuka na ji tana rera waƙar da suke yi a layi. Uwarta ba ta daka mata tsawa ba. Ta zaunar da ita ta ce ta faɗa mata abin da waƙar ke cewa a kan Annabi Isa, sannan suka buɗe Suratu Maryam, suka biya Ƙulhuwallahu, ta nuna mata inda muka haɗu da su da inda muka rabu. Yarinyar da ba ta kai shekara tara ba yanzu ta san abin da zai sa ta tsaya shiru da ladabi lokacin da ake wata addu'a.

Kakanninmu na zango sun hana 'ya'yansu boko don tsoron da kuke ji, kuma ba tsoron banza ba ne. Amma mun ga abin da ya biyo baya, aka bar mu a gadi da dako, wasu suna ofis. A 2019 Babban Limamin ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, yana cika shekara ɗari, ya je cocin Katolika na Christ the King ranar bikinsu na Ista ya zauna ya gaisa da jama'a. Bai bar sallarsa ba, su ma ba su nemi ya bari ba.

Ba ko'ina ne lafiya lau ba. An taɓa samun wata malama da ta ce 'yata ta cire ɗankwali. Mu iyaye muka je tare da wani dattijon unguwa muka ga shugaban makarantar, aka yi magana ta hankali, aka wuce wurin. Inda na fi jin tsoro shi ne sakandaren kwana, inda babu uwa babu malam. Kun dai ji rigimar 2021, da wata makarantar 'yan mata ta Methodist a Cape Coast ta hana ɗaliba azumin Ramadan. Shi ya sa muka yanke cewa babban, idan ya gama, ta jeka-ka-dawo zai yi, ya riƙa kwana a gida.

Ya kai izu ashirin yanzu, Kawu. Ku sa masa albarka, ku gaida Inna da sauran mutanen gida.