Anti, kifin Turawa na neman ƙwace min miji

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali, Allah ya saka da alheri kan yadda kike share mana hawaye. Dan Allah ki sakaya sunana.

Ni Bakanuwa ce, shekarata 31, yarana biyu, muna zaune a Lesta ta ƙasar Ingila tun 2022. Maigidana ma'aikacin jinya ne, ɗan Yawuri, gidansu Sarkawa ne gaba da baya, kakansa har ya koma ga Allah bai san wata sana'a ba sai su. Wlh Anti mutumin kirki ne ban taɓa kama shi da wani abin assha ba, matsalata da shi guda ɗaya ce kuma duk wadda na gaya wa sai ta kwashe da dariya wai an yi min kishiya da kifi.

Bara ne wani dattijon Bature maƙwabcinmu da ya yi ritaya ya ja shi wani ƙaton dam da ake kira Rutland, bai kai awa ɗaya daga gidanmu a mota ba, shikenan tun daga ranar na rasa gane kan bawan Allahn nan. Da bazara ban damu ba, har mun taɓa binsa ni da yara muka ga wata tsohuwar coci da ruwa ya kusa zagaye ta muka yi hotuna muka dawo. To amma yanzu fa Nuwamba muke ciki, ganyen bishiya duk ya zube, da safe sai ka kankare ƙanƙara a gilashin mota, ƙarfe 4 na yamma gari ya yi duhu, shi kuma a haka yake fita tun asuba ranar da ba shi da aiki su hau wani ɗan ƙaramin kwalekwale mai inji shi da tsohon nan su shige tsakiyar ruwa sai magariba. Na ce baban yara wai kai ba ka jin sanyi ne, ya ce ai yanzu ne manyan kifin suke fitowa. Kifin ma wani ne wai shi tirawut, mai ɗigo-ɗigo da jan layi a gefe, ba tarwaɗa ba ba ƙarfasa ba. Shi da bakinsa ya ba ni labarin wani shaho mai cin kifi da ke sheƙa a dam ɗin, wai tun watan Satumba yake tattarawa ya gudu Senegal da Gambiya, na ce to ka ji, tsuntsu ma ya san inda ke masa ciwo.

Abin da ya fi ƙona min rai ba ma da tsutsa ko tana suke kamun ba, gashin tsuntsu da na zomo yake ɗaurawa a ƙugiya ya zauna a teburin cin abinci har sha biyun dare yana ta naɗe-naɗe da zare kamar mai ɗinkin hula, kayan da ya saya na lissafa sun haura fam 600 alhali a gida ana ta kira ana neman taimako. Kuma sai ya yini cur ya dawo hannu rabbana ya nuna min hoto a waya wai ya kama ya sake shi. Ka kama abinci ka mayar ruwa? Ɗan Sarkawa guda?

Amma duk wannan ba shi ne ya sa na rubuto ba. Tsoro nake ji Anti. Ni ban iya ruwa ba ko kaɗan, kuma tun hatsarin kwalekwalen Bagwai na ƙarshen Nuwamban 2021 da ɗaliban Islamiyya suka nutse a dam ɗin Watari, in na ga jirgi a kan ruwa sai gabana ya faɗi. Satin da ya wuce na ga wani hoto da tsohon ya ɗauke shi yana tsaye a cikin jirgin riƙe da kifi, rigar kariyar tana wuyansa amma a ɓalle, da na yi magana sai ya yi dariya ya ce shi da ya koyi iyo a kogin Kwara tun bai yi kaciya ba ruwan Turawa ne zai ci shi? Muka yi faɗa sosai na ce ya zaɓa ko ni ko dam, ya ce wai wurin nan ne kaɗai yake jin numfashinsa na sauka tunda muka zo ƙasar nan, maganar ta tsaya min a rai har yau, mu ɗin me muke a gidan kenan? Kwana 5 ba ma doguwar magana. Na yi niyyar kiran hajiyarsa na kai ƙara ko na ɓoye sandunan fatsar, sai na ce bari na fara jin ta bakinki.

Taki, maman yara daga Lesta

Wa alaikumussalam 'yata, Allah ya sanyaya miki zuciya. Kar ki kira hajiya kuma kar ki taɓa masa sanduna. Uwar Basarke ce fa, in kika ce mata ɗanta na shiga ruwa cewa za ta yi to da ina kike so ya shiga, in kuma ta tsorata kin sa tsohuwa hawan jini daga nesa a banza, shi kuma ba zai manta kin kai shi ƙara ba.

Tsoronki yana kan hanya, sai dai kin haɗa abin tsoron gaske da abin haushi kin zuba a kwano ɗaya shi ya sa ya samu hanyar yi miki dariya. Bagwai da hatsarin Wara na ƙasarsu Yawuri a 2021, lodi ne fiye da ƙima kuma ba rigar kariya. Can inda yake zuwa mutum biyu ne a jirgi, sa rigar dole ce, in iska ta yi ƙarfi ma hana fita ake yi. Abin da ke kashe mutum a irin wannan dam ɗin sanyin ruwan ne, kuma a nan ne maigidanki ya yi kuskure babba. Ruwan Kwara da ya taso a ciki mai ɗumi ne ko da hunturu. Masu aikin ceto na Birtaniya kuwa suna ƙirga duk ruwan da ya gaza digiri 15 a matsayin mai haɗari, na dam a ƙarshen Nuwamba kuma yakan sauka ƙasa da 10. Mutum na faɗawa ciki jikinsa ke zuƙar numfashi da ƙarfi ba da saninsa ba, in kansa na ƙarƙashin ruwa a wannan daƙiƙar to ruwa ya zuƙa, zuciya ta hau bugu, numfashi ya ƙi tsayawa kusan minti ɗaya. In ya tsallake wannan, wajen minti 10 ne kafin yatsu da hannaye su sandare ya kasa riƙe ko gefen jirgi, ga rigunan sanyi hawa-hawa sun jiƙe sun yi nauyi, ga dam ɗin akwai inda zurfinsa ya haura mita 30. Gwanin iyo da wanda bai iya ba duk ɗaya ne a wannan minti na farko, gwanin ma shi ya fi saurin cewa bari na yi iyo na kai gaɓa, ya bar jirgin ya ƙare a hanya. Abin da ake koyarwa shi ne mutum ya kwanta rigingine ya buɗe hannu da ƙafa har numfashi ya dawo, kuma ya tsaya kusa da jirgi.

Don haka rigar da ke wuya a ɓalle ado ce kawai. Irin tasu mai hura kanta ce da ɗan tulun gas a ciki, in ba a ɗaure ta tamau ba har da igiyar da ke bi ta tsakanin cinyoyi, tana hurawa za ta haye kansa. Wannan ita ce maganar da za ki tsaya a kai ba gudu ba ja da baya, ba maganar ko ni ko dam ba. Ki janye waccan kalmar tun yau 'yata, irinta ce namiji ke riƙewa. Ki bari ya ci ya ƙoshi ki ce na yarda ka je amma ka yi min alkawari tsakaninka da Allah riga a ɗaure tun daga gaɓa har ka dawo, ba tsayuwa a jirgi don hoto, ba fita kai kaɗai, ba fita in ka kwana a wurin aiki don mai gyangyaɗi ba shi da haɗi da kwalekwale. Waya ta shiga jakar da ruwa ba ya ratsawa a rataye a jikinsa ba a cikin akwatin ƙugiyoyi ba, ya gaya miki ƙarfe nawa zai fito, ki karɓi lambar ofishin masu ba da jirgin da ta tsohon. Ki tambaye shi kuma ina yake sallah, don yanzu azahar da la'asar da magariba duk a cikin awa huɗu da 'yan kai suke, gara su dawo gaɓa da rana ya yi a ƙasa ya sha shayi mai zafi da ya ce zai miƙe a ɗan jirgin nan. Kayan sawa a bar auduga daga ciki, in ta jiƙe ba ta riƙe ɗumi, a nemi na ulu.

Maganar manyan kifi kuwa ba ƙarya ya yi miki ba. Tirawut kifin ruwan sanyi ne, da zafi can ƙasa yake nutsewa, in ruwa ya huce a ƙarshen kaka sai ya taso yana farautar 'ya'yan wasu kifaye da suka ƙyanƙyashe da bazara suna taruwa gefen ciyayin ruwa, wannan gashin zomon da ya cika miki tebur kwaikwayon su yake yi. Sakin ma akwai dalili, kowane tikitin kamun kifi da ake yanka a dam ɗin da adadin da aka yarda ka ɗauka, wani ma na kama-ka-saki ne zalla, sannan akwai wani irin tirawut mai launin ruwan ƙasa-ƙasa, yanzu ne lokacin ƙwansa shi ya sa ake mayar da shi. Mai jan layin wanda ake kiwo a zuba a dam shi ake ci. Ki tabbatar dai yana da lasisin fatsa na hukumar muhalli, tarar rashinsa na iya kaiwa fam 2,500 kuma baƙo ba ya wasa da kotu. Kuɗi kuma ku yanke masa abin da zai kashe a wata, na gida a fara cirewa.

Sai kalmar da ta tsaya miki. Ni da na karanta ban ji ya ce kun ishe shi ba, ji na yi yaron da ya tashi yana jin ƙarar filafili da asuba an kawo shi ƙasar da zai shiga asibiti da duhu ya fito da duhu, yana wanke marasa lafiya yana haɗiye maganar da aka gaya masa, sai ya ga ruwa da jirgi. Kewar gida ce ke cinsa bai san sunanta ba. Amma ni tawa tambayar, ke ina naki numfashin yake sauka? Kin gaya min ranar hutunsa ba ki gaya min taki ba, kina ɗaki da yara biyu rana na faɗuwa ƙarfe 4, ina ganin rabin fushin nan daga nan yake. In ya samu Asabar ɗaya a dam ke ma ki samu taki ya riƙe yara ki fita, ko gidan ƙawa ko islamiyya ko ajin koyon iyo na mata zalla, ana yi a garuruwa irin naku, kuma da ke da yaran duk kuna buƙata. Ku dinga shan bitamin D ɗin da hukumar lafiyarsu ke cewa a sha daga Oktoba zuwa Maris, mu masu baƙar fata ma cewa suka yi duk shekara, in kuma ƙuncin ya wuce sati biyu ba barci ba cin abinci ki ga likita kar ki ce aljanu ne.

Ki ce masa fita ta gaba ya yanki tikitin da ake tahowa da kifi ya kawo miki biyu. Kar ki jefa shi a miya ki barshi yana tafasa kamar tarwaɗa, namansa laushi gare shi zai dagargaje, ki tsattsaga gefensa ki cusa yajin ƙuli da tafarnuwa da lemon tsami ki naɗe ki sa a oven kamar minti 20, ki kuma zuba wa tsohon nan nasa a kai masa, shi ne zai dinga duba miki ko an ɗaure rigar.

Antinku