Hironaka bai ce kowane aji yana da wakili sumul ba

Tambaya: Dokta don Allah a taimaka, difens ya kusa kuma safabaiza ya ja jan biro a babina. Na rubuta cewa tunda masanin lissafi Hironaka ya warware singulariti (wato ƙulli, wurin da barayati bai zama sumul ba), kowane ajin kohomoloji na sabbarayati yana da wakili sumul. Ina laifin yake?

Amsa: Laifin babba ne, kuma wallahi na gaji da ganinsa, har masu koyarwa a bidiyon intanet suna ta maimaita shi ba kunya. Abin da Hironaka ya tabbatar a 1964 shi ne akwai wani barayati Z' sumul da taswira zuwa Z ɗinka, wato sabbarayatin da ke zaune cikin babban barayati X. To Z' ɗin nan a ina yake zaune? Ba a cikin X ba! Da ka turo shi cikin X sai ya koma Z ɗin jiya da ƙullinsa, ajin ya yi daidai amma wakilin ba sabbarayatin X ba ne. Da abin mai sauƙi ne haka ai Borel da Haefliger ba su yi tambayar ko ana iya samun kowane aji daga barayati sumul ba tun 1961, kuma Hartshorne da Rees da Thomas ba su nuna a 1974 cewa a G(3,6), wato barayatin Grassmann na sabsifes masu daimenshan 3 a cikin sifes mai daimenshan 6, akwai aji mai kodaimenshan 2 (daimenshan ɗinsa ya gaza na G(3,6) da 2) wanda ko ta tarawa da debe barayati sumul ba ka samunsa ba. Sai 2023 Kollár da Voisin suka nuna ana iyawa idan 2d bai kai n ba (d daimenshan ɗin Z, n kuma na X), shi ma haɗi ne da tarawa da debewa, ba wakili guda ba.

Kar kuma ka faɗa ɗaya ramin ka ce duk barayatin Schubert (sabbarayati na musamman a cikin barayatin Grassmann) mai ƙulli ajinsa ba ya gyaruwa. A G(2,4) layukan da suka taɓa wani layi barayati ne mai ƙulli ɗaya, amma kowane yankan haifafilen na gama-gari sumul ne kuma ajinsu ɗaya. Inda ake makalewa shi ne aji ya zama kafaffe, wato duk wakilinsa dole Schubert ɗin ne, to in yana da ƙulli magana ta ƙare.

Goge jimlar. In ajinka na Schubert ne, ɗauki patishan ɗinsa, wato jerin lambobin da ke bayyana shi, ka gwada shi da sharuɗɗan kafewa da Coskun ya fitar a 2011, sannan ka koma wurin safabaizanka.